Masu katin bashi a Amurka, ku duba rana, ku duba awa

Aikina shi ne in zauna da mutane mu bi takardun kuɗinsu layi-layi. Yawancinsu 'yan uwanmu ne na Bronx, direbobin tasi da mata masu aikin kula da tsofaffi. Abin da ya fi yawan ɓata min rai shi ne tarar jinkirin biyan katin bashi. Ba rashin kuɗi ke jawo ta ba a mafi yawan lokuta. Kuɗin na nan a asusu, ranar ce kawai ta wuce mutum bai sani ba.

Wata baiwar Allah ta kawo min takardarta tana cewa, "Malam, ai na biya!" Ta biya kuwa, amma da daddare, bayan ta tashi daga aiki, alhali takardar ta ce ƙarfe 5 na yamma. Dala 30 ta tafi a banza. Da ta sake makara cikin wata shida masu zuwa, da tarar ta kai dala 41.

Ku sani doka tana bayanku. Dokar katin bashi ta 2009 ta wajabta wa banki ya aiko da takardar lissafi aƙalla kwana 21 kafin ranar biya, kuma ranar ta zama ɗaya kowane wata. Bai halatta su rufe karɓar kuɗi kafin ƙarfe 5 na yamma ba, sai dai a lura da agogon wane gari aka rubuta, domin na New York ba ɗaya ba ne da na California. Dole kuma a rubuta ƙarara nawa ce tarar idan an makara, kuma tarar ba za ta wuce mafi ƙarancin abin da aka nemi ka biya a watan ba.

A watan Maris na 2024 hukumar kare masu mu'amala da bankuna ta so rage tarar zuwa dala 8, ganin cewa a 2022 kaɗai an karɓi fiye da dala biliyan 14 daga aljihun jama'a. Kotu a Texas ta dakatar da matakin, aka soke shi a 2025. Ni dai ina ganin an zalunci talaka a nan.

Tarar ma da sauƙi. Idan jinkirin ya kai kwana 30, sai a sanar da kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, tabon ya zauna har shekara 7, ya biyo ka wurin neman haya ko mota.

Masu tafiya gida Sallah ko aikin Hajji, ku saita biyan kai-tsaye daga asusunku kafin ku tashi, kuma gwamma a biya duka don kauce wa kuɗin ruwa. Wanda aka riga aka ci tara karon farko, ya kira lambar da ke bayan katin ya nemi a yafe masa. Sau da yawa suna yafewa.