Yabon Shugaba: Ina Nasa, Ina Wanda Ba Nasa Ba?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasinmu na wannan mako ya shafi wata gardama da ba ta ƙarewa a majalisu da kasuwanni, daga Karaye har Rogo: in an yi araha da zaman lafiya a zamanin wani shugaban ƙasa, kashi nawa ne nasa cikin yabon? Wannan ya ce duk shi ya yi, wancan ya ce sa'a kurum ya taka. To, Musulmi ba ya yabo ko zargi da ka, domin dukansu shaida ne, kuma za a tambaye shi a kansu.

Bari mu ɗauki misali a gida. Madatsar ruwan Chalawa da ke ƙasar Karaye an gama ta a 1992, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Amma hukumar ruwa ta Jihar Kano ce ta fara aikin kafin Gwamnatin Tarayya ta karɓa. Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are mai kula da ita tun 1976 aka kafa ta. Shirin tare ruwa a Kano kuwa ya samo asali tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda aka gina Tiga da Bagauda a lokacinsa. Ga leburori da injiniyoyi, ga manoman da ruwa ya cinye gonakinsu, ga kuma kuɗin man fetur da aka haƙo a kudu. Wa zai tsaya ya ce shi kaɗai ya yi?

Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin wani sarki da ya gina katanga, watau Zulƙarnaini, a Suratul Kahfi. Mutane suka yi masa tayin lada, ya ƙi karɓa, ya nemi su taimaka masa da ƙarfinsu da guntayen ƙarfe. Da ya gama sai ya jingina aikin ga rahamar Ubangijinsa. Dubi kuma Fir'auna a Suratuz Zukhruf, yana alfahari da kogunan Masar kamar shi ya gudanar da su, da Ƙaruna a Suratul Ƙasas da ya ɗauka iliminsa ne ya tara masa dukiya. A ƙarshen Suratu Ali Imrana kuwa Allah Ya yi kashedi ga masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba.

Kada mai karatu ya zaci muna hana yabon shugaba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ya nuna godiya ga mutane tana cikin godiya ga Allah. Ma'aunin yana cikin ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ba shi ya kawo shekaru bakwai na yalwa ba, ba shi ya kawo na fari ba. Abin da ya yi shi ne ya sa aka adana hatsi cikin zangarniyarsa, ya kuma raba da adalci. Wannan tanadi shi ne nasa, kuma a kansa ya cancanci yabo.

Da wannan mudu ya kamata mu auna namu. Bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973 farashin man fetur ya ninka wajen sau huɗu cikin 'yan watanni. Ba Janar Gowon ya ɗaga shi ba, kamar yadda ba Alhaji Shehu Shagari ya karya shi ba har aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982. Haka farin 1973 da cutar da ta hallaka gyaɗa a 1975 ba hannun kowa ba ne. Anas ya ruwaito cewa da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Manzon Allah ya yanke farashi, sai ya sanar da su cewa ƙunci da yalwa a hannun Allah suke. Tambayar da ta hau kan shugaba ita ce: me ka ajiye ran yalwa, wa ka ciyar ran ƙunci? Sayyidina Umar, a shekarar yunwa ta 18 bayan Hijira, ya haramta wa kansa man shanu, ya rubuta wa gwamnoninsa, har Amru ɗan Asi ya aiko da abinci.

Akwai kuma abin da 'yan kanzagi ba su son ji. Wanda ya karɓi yabon aiki sai ya karɓi hisabinsa duka. Ruwan da ya ba masunta da masu noman rani abin yi a Karaye, shi ne tare da na Tiga ya sauya yadda ambaliya ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, har ciyawar kacala ta toshe magudanai da gonaki a can. Mutanen can su ma talakawan shugaban ƙasa ne, kuma suna da bakin magana a cikin wannan gardama.

Allah Shi ne Mafi sani.