Bututun Famfo Ba Tukunyar Iska Ba Ne

Wata magana ta kama gari a tsakanin yaranmu masu haɗe-haɗen lantarki, daga Fegge a Anacha har Inugu da Fatakwal. Wai in kana so Arduino ya riƙa sarrafa silinda mai aiki da iska, ba sai ka sayi tukunya ba. Ka nemi bututun PVC na famfo, ka toshe bakinsa biyu da gam, ka ɗura masa iska da kwampireson tsohon firij. Hujjarsu ita ce an rubuta bar 10 a jikin bututun, su kuwa bar 6 suke buƙata.

Ƙannena, wannan lambar ta ruwa ce. Ruwa ba ya matsuwa, saboda haka in bututu ya tsage sai dai ya yi tsartuwa ya jiƙa maka riga. Iska kuwa danne ta ake yi kamar sifirin ɗin mota, ƙarfin duk yana ciki yana neman kafa. PVC ba ya tsagewa a hankali, tarwatsewa yake yi, gutsattsarinsa masu kaifi su watsu, kuma wanda ya fi kusa shi ne mai sunkuyawa yana duba geji. Rana tana ƙara masa gautsi, man da kwampireson firij ke fesowa ma yana raunana shi. Tun 1988 hukumar OSHA ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka. Kada wani ya ce mini nasa ya yi wata shida bai fashe ba. Bai fashe ba tukuna. Tsohuwar tukunyar gas da aka kai wa mai walda ya liƙa mata baki, ita ma ban yarda da ita ba, don ba wanda ya san tsatsar da ke cikinta.

Ka sayi tukunyar ƙarfe da aka ƙera don iska, irin ta masu faci, mai bawul ɗin da ke sakin iska da kansa in ta yi yawa, da makunnin da ke kashe injin in ta cika. Waɗannan biyun ba aikin Arduino ba ne. Janareta na shaƙewa lissafin Arduino zai iya tsayawa cak, injin kuma ya ci gaba da ɗurawa. Abin haushi, malaman da ke duba aikin ɗalibai sukan ba da maki saboda allo yana nuna lambobi masu kyau, ba mai tambayar ina bawul ɗin tsaro.

Anacha a bakin kogin Kwara take, iskarta cike da danshi, balle da damina. Ruwa zai taru a gindin tukunya, sai ka riƙa buɗe ɗan famfon ƙasa yana tsiyaya. Ka sa matata da ragileta kafin iska ta kai ga bawul ɗin da Arduino ke sarrafawa.

Ɓangaren lantarki ba zan ja shi ba. Ƙafar Arduino Uno milli-amp 20 aka tsara mata, kwayil ɗin bawul mai volt 12 ko 24 ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Sai da MOSFET a tsakani, da wutarsa daban, da diyod 1N4007 a kan kwayil. Mai shago zai miƙo maka IRFZ44N, don masu gyaran inbata suna sayensa, ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. IRLZ44N ne ke buɗewa sosai da volt 5.

Bawul 4V210-08 da ya cika kasuwa ba ya motsi sai iska ta kai wajen bar 1.5, don haka masu gwada shi da hurin baki su daina cewa jabu ne. Silinda mai faɗin milimita 32 kuwa, a bar 6 turinta ya kusa kilo 50, ya isa ya murƙushe yatsa. Ka fara gwaji a bar 2, kuma ka sa bawul na hannu da zai zubar da iskar tiyo kafin ka kai hannu wurin.