Safiyar Tsoho da Lafiyar Ƙwaƙwalwarsa

Akwai wata irin ƙauna da muke nuna wa iyayenmu wadda ba ta amfane su ba. Da zarar mutum ya haura saba'in, sai 'ya'ya su karɓe fartanya daga hannunsa, a karɓe tsintsiya daga hannun uwa, a shimfiɗa tabarma a ce, "Baba, ka huta." Niyyar kyakkyawa ce, amma ƙwaƙwalwa ba ta son irin wannan hutu.

Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma ita kaɗai take cinye kusan kashi 20 na iskar da jini yake ɗauka. Saboda haka duk abin da ya gyara gudun jini, ya gyara tunani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama su motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar rabin sa'a sau biyar. A ƙasarmu ta zafi, wane lokaci ya fi safiya dacewa da wannan? Hasken safiya kuma yana daidaita wa jiki lokacin barcinsa, har tsohon da yake kwana yana juyi ya sami sauƙi.

Sai dai a bi a hankali. Wanda ya farka ya ɗan zauna a bakin gado kafin ya miƙe, domin miƙewa farat ɗaya takan kawo jiri da faɗuwa. A ba shi ruwa ko bai nema ba, gama jin ƙishirwa yakan ragu da tsufa, ƙarancin ruwa a jiki kuwa yakan rikita tunani. Mai hawan jini ya sha maganinsa kullum yadda likita ya tsara, ba sai ranar da kai ya yi ciwo ba.

Kada kuma a raina gaisuwar safe. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da suke ƙara haɗarin cutar mantuwa, kaɗaici yana cikinsu. Na lura tsofaffin da suke takowa sujadar safe, su tsaya gaisawa a ƙofar kowane gida, sukan daɗe da hankalinsu garau.

In kuwa Mama ta fara ɓata a hanyar da ta sani shekara arba'in, wannan ba maita ba ce. A kai ta asibiti a duba ta.