Amsoshin Tambayoyinku: Idan korona ta shiga gida

Maman Sadiya daga Wurno ta aiko da tambaya: maigidanta ya kamu da korona, yaya za su yi alhali gidansu gidan yawa ne?

To Maman Sadiya, Allah ya ba shi lafiya. A ware masa ɗaki shi kaɗai, a bar taga a buɗe. Mutum ɗaya ya riƙa jinyarsa, da takunkumi a fuska. Kwanonsa daban, butarsa daban, kuma a yawaita wanke hannu da sabulu. Tsofaffi da masu ciwon suga su nisanci ɗakin, masu zuwa dubiya su gaishe shi ta waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar killacewa ta kwana 10. Idan numfashinsa ya fara sarƙewa, numfashi fa, a garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba.