Ɗalibin da ya san amsa tun kafin ya fita bincike

Duk malamin da ya daɗe yana duba kundin ɗalibai ya san irin wannan ɗalibin. Ya zaɓi ya binciki dalilin da 'yan mata ke barin makaranta a garinsu, amma tun a babi na ɗaya ya riga ya yanke hukunci cewa talla ce. Takardar tambayoyinsa ma haka ta fito: "Shin talla na hana 'yarki karatu?" Uwar da nisan makaranta ko rashin banɗaki ya sa ta tsayar da 'yarta ba ta da gurbin da za ta faɗi haka. Ɗalibin bai yi ƙarya ba, abin da ya tashi yana ji a gida ne ya rubuta masa tambayoyin.

Manyan masana ma ba su tsira ba. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya shigo Katsina a 1851, kuma an daɗe ana ɗaukar rubutunsa kamar yankan wuƙa. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya zauna ya auna shi: kwana nawa ya yi a garin, da wa ya zauna, wane tunani game da launin fata da ƙabila ya taho da shi daga Turai? Waɗannan tambayoyi ne ya kamata ɗalibi ya fara yi wa kansa kafin ya yi wa wani.

Akwai kuma ƙofofin da jinsi ke rufewa. Sa'ad da M. G. Smith yake bincike a ƙasar Zazzau, zaure ne iyakarsa, don namiji baƙo ba ya shiga cikin gida. Matarsa Mary ce ta zauna da wata dattijuwa a 1949 da 1950, hirar da ta zama littafin Baba of Karo a 1954. Da ba ta shiga ba, da labarin aure da kishi da ƙawance daga bakin mata ya tafi da masu shi.

Ɗan gari yana da tasa matsalar, wadda a ganin mai wannan shafi ta fi ta baƙo haɗari: "ai na sani." Dattijo ma yakan taƙaita masa bayani, ya ce, "Kai ɗan nan, ai ka san yadda abin yake."

Maganin ba shi da tsada. Kafin ɗalibi ya fita, ya ɗauki takarda guda ya rubuta amsar da yake tsammani, da inda ya samo ta, ko gida, ko makarantar allo, ko rediyo, sannan ya rubuta irin hujjar da in ya gamu da ita zai sauya ra'ayi. Ya kai wa malamin da ke duba aikinsa. Takardar tambayoyin kuwa ya ba wanda tasowarsu ta bambanta ya karanta, ɗan birni ya ba ɗan ƙauye, namiji ya ba mace, su nuna masa inda ya cusa wa mutane amsa a baki. Inda ba zai iya shiga ba ya nemi abokiyar aiki ta shiga, ya kuma bayyana haka a babin hanyoyin bincike. Amsoshin da suka saɓa wa tsammaninsa kada ya zubar da su, ya ware musu wuri a babi na huɗu, domin ranar kare kundi su ne malamin da aka gayyato daga wata jami'a zai fara nema.