Kafin Ka Sayi Buroshin Aski, San Gashin da Ke Kansa

Aski sana'ata ce, kuma cikin masu zama a kujerata akwai waɗanda fatarsu ba ta shiri da kilifa, sai aska ko reza da kumfa. Su ne ke yawan tambayata wane buroshi za su saya don gyaran fuska a gida, kuma kusan kowa yana zaton sai ya zuba kuɗi. Amsar da nake ba su ba ta canzawa: sayi mai gashin roba, ragowar kuɗin ka sa a sabulu mai kyau da sabuwar reza.

Wanzamanmu da hannu suke jiƙa kai su murza sabulu, askinsu kuma ya fita tas. Sai dai gemu yana da nasa hali. Gashinmu a nannaɗe yake, idan aka yanke shi a bushe yana kwance, bakinsa kan yi tsini ya lanƙwaso ya soki fata. Daga nan ake samun ƙurajen nan na ƙarƙashin haɓa da wuya da ke hana wasu sakewa. Buroshi yana tayar da gashin tsaye, ya cusa ruwa da kumfa har gindinsa, cikin minti 2 ko 3 ya yi laushi, reza ta wuce ba fizga. Amma ba magani ba ne. Wanda ke aske gashi ta inda bai kwanta ba, ko yake maimaita reza a wuri ɗaya, ƙuraje ba za su bar shi ba ko da buroshin zinare ya riƙe.

Buroshi mafi tsada shi ne na gashin wata dabbar daji 'yar'uwar dage, wadda za ka ga an rubuta "badger" a kwalinta. Yawancin gashin daga Sin ake kawo shi, kuma daraja-daraja ne. Na ƙoli, mai suna "silvertip", yana da taushi ƙwarai, kuɗinsa kuwa ba na mai neman sauƙi ba ne. Na ƙasa, wanda ake rubuta wa "pure badger", shi ke ruɗin mutane. Sunan ya yi daɗi, amma sau da yawa datse bakin gashin ake yi don ya daidaita, sai ya riƙa sukar fuska. Kada ka biya kuɗin suna.

Inda nake son a natsu shi ne a kan mai arha, mai ruwan madara ko ɗorawa-ɗorawa, mai ɗan tauri. Mafi yawansa gashin alade ne. Idan ka ga "boar" ko "pure bristle" a kwali, to shi ne. Kamfanin Omega na Italiya da Semogue na Fotugal sun yi suna a kansa, kuma ta fuskar aiki ba zan kushe shi ba: yana ɗibar sabulu mai tauri da kyau, yana kuma laushi idan ya kwana biyu, don bakin kowane sili yakan tsage. Wasu har rina masa baƙin zobe suke yi a tsakiya don ya yi kama da mai tsadar. Hukuncin amfani da shi na malamai ne. Nawa shi ne in gaya maka abin da ke hannunka, domin na sha ganin mutum ya kawo mini irinsa yana yabawa, bai san abin da yake gogawa a fuskarsa kafin ya tafi masallacin Juma'a ba. Mai shago ma galibi bai sani ba, yadda aka kawo masa yake sayarwa. Idan babu kwali, jiƙa shi ka shinshina. Gashin dabba sabo yana ƙarni, na roba ba ya yi.

Akwai na gashin doki, wanda kamfanin Vie-Long na Sifaniya ya shahara da shi. Kasuwarsa ta taɓa faɗuwa bayan Yaƙin Duniya na Farko, lokacin da sojojin Amurka da Birtaniya suka kamu da cutar saifa ta dabbobi daga buroshin gashin dokin da ba a tsabtace ba. Na yanzu daga sanannen kamfani ana tsabtace shi, amma wannan tarihi ya isa ya hana ka sayen tsohon buroshin gashin dabba a gwanjo.

Na roba na da can ya cancanci zagin da ya sha, don tsinke ne kawai. Na yanzu daban ne. Omega na yinsa, Mühle na Jamus na yi, Yaqi na Sin ma yana yi da rahusa. Ba ya buƙatar a jiƙa shi kafin aiki, sabulu kaɗan ya ishe shi, kuma tun da gashinsa ba ya shan ruwa, nan da nan yake bushewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne da damina, lokacin da buroshin gashin dabba ke kwana a jiƙe har gindinsa ya yi fumfuna.

In ka je saye, nemi mai kaurin gindi milimita 22 zuwa 24, ya wadatar da kowace fuska. Goga shi a bayan hannunka, ka ji ko yana suka. Danna shi a tafin hannu ka saki. Na kirki zai baje ya dawo tsaye, na banza zai kwanta ya ƙi tashi. Sannan ka kama gashin ka ɗan ja. Sili ɗaya ko biyu ba komai, amma in ya biyo ka da yawa, gam ɗin bai kama ba, ajiye musu abinsu. Mariƙi kuwa na roba ya fi na katako jure ruwa. Bayan aski ka ɗauraye shi da ruwan ɗumi, ka yarfe, ka bar shi inda iska ke kaɗawa. Tafasasshen ruwa yana lalata gam, leda kuma tana sa shi wari. In kumfa ta ƙi tashi, kafin ka zargi buroshin duba ruwanka, domin ruwan zartsi na wasu rijiyoyi yana kashe kumfa.

'Yan'uwana masu aski, mun iya canza reza a gaban wanda ya zo aski, amma buroshi ɗaya ke yawo daga fuska zuwa fuska tun safe har dare, har da fuskar da ke da ƙurji mai jini ko makero. Na roba yana da arha, yana kuma jure maganin kashe ƙwayoyin cuta fiye da na gashin dabba. Ku ajiye guda uku ko huɗu, wanda aka yi aiki da shi a wanke da sabulu, a tsoma a magani, a ɗauraye, ya bushe kafin ya sake taɓa wani. Kai kuma mai zuwa aski, in kana da hali ka riƙa zuwa da naka.