Yadda Ake Tarewa a Sabuwar Gona a Yankin Gusau

Wanda ya sayi gona a wajen Tsafe ko Bungudu yakan ƙosa ya ga an kafa tubali. Ka dakata tukuna. Gini shi ne na ƙarshe, mutane da ruwa ne a gaba.

Fara da takarda da iyaka. Yawancin gonakin ƙauye na gado ne, don haka sa hannun mutum ɗaya bai wadatar ba. Ka nemi dukkan magada su amince a gaban mai unguwa da dagaci, a rubuta, shaidu su sa hannu, hakimi ya buga hatimi. Dokar filaye ta 1978 ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka a karkara, ta gwamna kuma a Gusau ake nemanta. Daga nan ka kira maƙwabtan gonar ku taka iyaka tare, ƙafa da ƙafa, a dasa aguwa ko cini-da-zugu. Ka tambaya ko burtali ya ratsa ta kusa. In ya ratsa, kada ka ci ko taku ɗaya daga cikinsa, domin irin wannan cin iyaka na daga cikin abin da ya ɓata tsakanin manoma da makiyaya a Zamfara.

Na biyu, tsaro, kuma a nan ba na son mu ruɗi juna. Akwai ƙauyuka a waɗannan ƙananan hukumomi da 'yan bindiga ke ɗora wa haraji kafin shuka ko girbi, kuma hanyar Gusau zuwa Funtua ta sha ganin garkuwa da mutane. Dillali ba zai gaya maka wannan ba. Ka zauna da liman da sarkin noma da masu acaɓa, ka tambaye su wace gona aka noma bara, wacce aka bari, da ƙarfe nawa mutane ke barin daji. Ka san inda Askarawan Zamfara, waɗanda aka ƙaddamar a Janairun 2024, suke da sansani mafi kusa. Shawarata ita ce a daminar farko ka kama ɗaki a cikin gari, ka riƙa zuwa gona da safe, iyali kuma su dakata a Gusau. Gidan da ke tsaye shi kaɗai a daji bai dace da wannan lokaci ba. Ka riƙa zuwa jana'iza da suna da gayya, domin wanda aka sani shi ake kai wa labari da wuri.

Sai ruwa. Ƙasar Tsafe da Kwatarkwashi kan dutse take, ana iya haƙa burtsatse a tarar babu ko ɗigo. Biya masu awo su duba kafin injin ya shigo. Rijiya kuwa da bazara ake gina ta, a Maris ko Afrilu, lokacin da ruwa ya yi ƙasa. Wadda ta ba da ruwa a lokacin za ta riƙe ka shekara. Masai ya yi nesa da ita, aƙalla mita 30, kuma a gangare.

Wuta ba ta da wuya. Faranti biyu na sola da batir mai kyau sun isa fitilu da fanka da cajin waya. Ka riƙa goge su da hunturu saboda ƙura. Ka ajiye rediyo ma, domin a Satumban 2021 an katse layukan waya a faɗin jihar.

Kada ka nome gonar duka a shekarar farko. Ɗauki eka biyu ko uku, ka lura da inda ruwa ke kwanciya da inda wuta-wuta ke fitowa. Wurin da ta yi yawa ƙasar ta gaji, sai ka sa waken soya ko gyaɗa, dawa ta huta. In ka tarar da gawo, bar shi: ganyensa na zuba da damina, ya zama taki ba tare da ya yi wa shuka inuwa ba.

Kafin kaka, tanadi wurin ajiya. Wake a buhun PICS mai ruɓi uku ba ya buƙatar magani. Ka fitar da zakka, ka bar na ci kaɗan a ƙauye, sauran hatsin ka kai shi Gusau da rana.